Ɓarawon Likkafani

'Ya'yana matasa, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da jikoki a ƙasar Rogo, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne, a wani ɗan ƙauye kusa da Ruwan Bago aka haife ni, a gidan noma. Mahaifina dawa da gyaɗa yake nomawa, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ɗauki ko karan wani ba. Na yi karatun allo daidai gwargwado, na iya alwala da salla, na haddace abubuwan da Musulmi yake yin imani da su. Hali guda aka san ni da shi tun ina ƙarami, shi ne tambaya. Mahaifiyata takan ce da tambaya na faɗo duniya. In na ga ƙwarya a rufe, hankalina ba ya kwanciya sai na ɗaga faifan na leƙa.

A kasuwar Rogo ɓarnata ta fara, lokacin kakar gyaɗa, zamanin Turawa. Akan jibge buhuna kusa da sikeli, mu yara mu bi muna tsintar wadda ta zube. Wannan kala ne, ba mai hana ka. Wata rana sai na tambayi kaina, in buhu ya ƙi zuba da kansa fa? Na feƙe tsinke, na soki buhu ɗaya, gyaɗa ta zubo mini a hannu kamar ruwa. Ba wanda ya gani. Abin da ya fi gyaɗar daɗi a wurina shi ne na gano ana iya yi. Daga tsinke na koma zuba yashi a gindin buhu, daga yashi na koma yankan aljihu, daga nan na kwance jakin maƙwabcinmu na kai shi kasuwa mai nisa. Mahaifina ya fasa rumbunsa ya biya mai jaki, sannan ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Na koya maka noma, ka zaɓi wata sana'a. Je ka yi ta inda ba a san ni ba." Ban sake ganinsa da rai ba.

Na yi ta yawo kasuwa-kasuwa har na yada zango a Ƙaraye. Lokacin babban yaƙin Turawa ne, yadi ya yi wuya ƙwarai. Mai rai ma da ƙyar yake samun abin rufe jiki. Wata ranar kasuwa da hantsi, wani baƙon falke ya faɗi a gindin tsamiya, rai ya yi halinsa. Ba wanda ya san shi ko garinsu. Jama'a ta kewaye shi ana ta salati, kowa yana duban ɗan'uwansa, domin ba mai ƙyallen da zai bayar. Ina cikin taron, amma ni idona a kan jakar mamacin yake. Sai na ji Sarkin Kasuwa ya ce, "A kira Bitrus."

Can sai ga wani tsoho gajere yana ɗingishi, da farin ƙyalle saƙar hannu a hammatarsa. Yatsunsa duk sun gutsure, saura dungu. Ya durƙusa, ya shafa idon mamacin ya rufe, ya laluba aljihunsa ya ciro carbi. Ya ce, "Musulmi ne. A gaya wa Liman. Ga likkafani." Shi kuwa ya saɓa galma a kafaɗa ya yi gaba wurin haƙa. Da aka jera sahu za a yi wa gawar salla, sai ya koma gefe can, ya cire hularsa ya riƙe, ya sunkuyar da kai har aka sallame. Na manta da jakar nan sam, wani ne ma ya riga ni.

Na tambayi wani mahauci ko wane ne wannan. Ya ce Bamaguje ne, Tanko iyayensa suka sa masa. Kuturta ta kama shi, danginsa suka yi masa bukka a bayan gari. Daga baya ya tafi asibitin kutare na 'yan mishan wajen Kano, ya shekara da shekaru, ya dawo cutar ta bushe, da sabon addini da sabon suna da mata mai suna Saratu, wadda ita ma can ta yi jinya. Auduga suke nomawa. Matar ta kaɗa zare, su kai masaƙa, su ajiye farin don matattun da ba su da kowa.

Na ce, "To me yake samu?"

Mahaucin ya watsa hannu ya ce, "Oho. Je ka tambaye shi."

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. A duniyar da na sani, ba mai jefa tsutsa a ruwa sai da ƙugiya a cikinta. Amma kafin in samu amsa, na ga kasuwa ta buɗe mini. Na shafa toka a fuska, na je gidansa a bayan gari ina sharɓar hawaye, na ce kawuna ya rasu kuma ba mu da ko zare. Ya yi mini ta'aziyya, ya shiga ɗaki ya ɗauko fari ya ba ni. Na sayar da shi a Rogo. Bayan an kwana biyu na koma na kashe wata gwaggo. Ita ma ya ba ni. A karo na uku na ce wana ne ya rasu a Yola, ta nan ƙasar Ƙaraye, kuma gidan ba kowa sai ni da tsohuwa. Ya ɗauko ƙyallen, amma maimakon ya miƙo mini, sai ya cusa a hammata ya ɗauki galmarsa.

Na ce, "Baba, ai ba sai ka wahala ba, akwai maza a gidan."

Ya ce, "Yanzu fa ka ce ba kowa sai kai da tsohuwa. Mu je, ɗana. Haƙan kabari ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Haka muka kama hanya, ni a gaba ina zufa, shi a baya yana ɗingishi. Ina ta neman inda zan zille, amma fili ne fetal, an riga an girbe dawa. Da na rasa abin yi, sai tsohon halina ya motsa. Na ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Gawa fa ba ta san an rufe ta da fari ko da tsumma ba. Gara ce za ta cinye duka. Me ya sa kake ɓata audugarka?"

Ya ce, "Kai manomi ne?"

Na ce, "Ɗan manomi dai."

Ya ce, "In babanka zai shuka gyaɗa, watsar da irin yake yi kamar shara?"

Na ce a'a, zaɓa yake yi, ya adana shi a inda ɓera ba zai kai ba.

Ya ce, "To ni ban ɗauki maƙabarta juji ba. Gona ce. Abin da aka sa a ciki zai fito." Ya ɗaga dungun hannunsa ya juya shi a rana. "Wannan ma zai tashi, da yatsunsa cif. Ina ɗokin in ga ko ban manta yadda ake ɗaura zariyar wando ba."

Da muka hango rufin gidajen Yola sai na fara kewaye-kewaye, in bi wannan turba in dawo in bi waccan. Daga ƙarshe ya zauna a gindin wata ɗorawa, ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Ɗana, ƙafar nan ba ta da lafiya. Faɗa mini tsakani da Allah, akwai gawa ko babu?"

Can na ce, "Babu."

Ina jira ya ɗaga galma ko ya yi kururuwa. Sai ya ce, "Kawun naka fa? Da gwaggon?"

Na ce su ma ƙarya ce.

Tsohon nan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "To mun gode Allah! Ashe mutum uku ka tayar mini daga matattu a zama ɗaya. Ni da na kwana ina yi wa gwaggonka addu'a." Da ya gama dariyarsa ya goge ido ya ce, "Audugata ta isa tsinka. Ni ba ni da yatsu, kai kuwa na ga naka har sun yi maka yawa. Zo ka yi aiki ka ci tuwo."

Na bi shi, amma kada ku zaci tuba na yi. So nake in gano asirinsa. A kasuwa wasu suna cewa Baturen mishan ne yake biyansa a kan kowace gawa. Wasu suna cewa wani abu yake yanka a jikin mamaci don tsafi. Na ce ko wanne ne, sai na gani da idona, in ya so in samu rabona.

Matarsa Saratu doguwa ce, marar gira, cutar ta taɓa mata ƙafa amma ta bar mata yatsun hannu. Tun ranar farko ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Bitrus, kura ka kawo mana cikin garke." Sannan ta dire mini ƙwaryar tuwo ta ce, "Ci. Naman yankan Musulmi ne, daga kasuwa na sayo, kada ka ce mun ba ka mushe." Inna nake kiranta, ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai "ɗan nan". In aka kira salla daga cikin gari ta ga ban motsa ba, sai ta ajiye mazarinta ta ce, "Kai ɗan nan, kurma ne kai? Ga buta can. A gidan nan ba a ajiye wanda ba ya gaida Ubangijinsa." Na yi shekaru ban sa goshi a ƙasa ba, sai ga Kirista tana kora ni salla da bakin tsiya.

Na bincike gidan nan kaf. Na leƙa rumbu, na tona ƙarƙashin gado, na zura hannu a tukwane. Ban samu komai ba sai adudu guda da ake ajiye farin ƙyalle a ciki. Na bi Baba Bitrus wurin jana'iza sau da yawa ina lura da hannunsa, ban ga ya ɗauki ko gashi ba. Baturen da ake faɗa kuwa sau ɗaya na gan shi, ya zo a kan keke ya ajiye kwalaben magani ya wuce. Abin da na gani kullum shi ne, da safe masu gyambo su yi layi a ƙofar gida, Baba ya wanke musu da ruwan ɗumi da gishiri, yana kama tsumma da dungu biyu, ya shafa musu wani magani mai launin shuni. Warin wani gyambon sai ka toshe hanci, shi kuwa hira yake yi da mai shi, yana tambayarsa lafiyar awaki. Akwai wani makaho da ke kwana a zaurensu, wanda ba danginsu ba ne. Akwai wata mai taɓin hankali da yara suke jifa a kasuwa, ita kuma ranar Asabar takan zo ta zauna tsakanin ƙafafun Inna Saratu a yi mata kitso. Duk wanda ya zo, ba a tambayarsa addininsa sai in ya mutu, don a san wa za a kira.

Da bazara ta shigo, wata Lahadi da sassafe, na ga 'yan'uwansu Kirista sun taru. Ba su da yawa, zaure guda zai ɗauke su, galibi Maguzawan da suka yi jinya tare. Suka nufi bayan gona, inda ake binne kutare da baƙin da ba Musulmi ba. Na bi su daga nesa, na ce yau asiri zai tonu. Suna isa sai na ji an buga ganga. Suka kama waƙa, mata suna tafi, Inna Saratu ta rangaɗa guɗa. Guɗa a maƙabarta! Baba Bitrus yana bin kaburbura ɗaya-ɗaya yana kiran sunan mai shi, kamar mai gaida maƙwabta.

Da aka dawo aka zauna cin abinci na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, yau me aka yi wa murna? Wa ya haihu?"

Ya ce yau ce ranar da suke kira Ista. Ya ce su sun gaskata an gicciye Yesu Almasihu ya mutu, aka sa shi a kabari aka rufe da dutse, a rana ta uku mata suka je da safe suka tarar da kabarin wayam, ya tashi da jikinsa, har ya ci abinci da mutanensa. Ya ce, "In ka ga gyaɗa ɗaya ta tsaga ƙasa ta fito, ka san sauran gonar tana tafe. Shi ne na farkon. Waɗancan da ke kwance bayan gona suna jiran nasu ruwan ne."

Na ce, "Mu kuwa malaminmu ya koya mana ba a kashe Annabi Isa ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi."

Ya ce, "Na san haka kuka ce. Ni ga abin da na gaskata, a kansa nake raye, a kansa zan mutu. Ba zan yi gardama da kai a kan ƙwaryar tuwo ba."

Inna Saratu ta tsoma baki daga bakin murhu. Ta ce, "Amma tashin matattu ai ku ma kuna da shi, ko ba haka ba?"

Na ce ƙwarai kuwa, yana cikin abin da na haddace tun ina yaro.

Ta ce, "Af. Ashe ka sani." Ta ci gaba da tuƙinta.

Maganar nan ta dame ni. Ni na iya faɗin tashin ƙiyama da Larabci, amma bai taɓa hana hannuna shiga aljihun kowa ba. Su kuwa sun ɗauke shi kamar yadda manomi ya ɗauki damina, abin da ake yi wa shiri tun ba a ga hadari ba. Da a ce a nan na tsaya na yi tunani, da labarin nan ya ƙare da daɗi.

Ba a daɗe ba sanƙarau ya shigo ƙasar. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin a yi wani abu ya tafi. Gida ɗaya sai a fitar da gawa biyu. Baba Bitrus ya koma kwana da galma, Inna Saratu tana bin gidajen da kowa ya guje wa, tana ɗura wa marasa lafiya ruwa da kunu. Likkafani ya zama abin nema ruwa a jallo. Wani dillali a Rogo ya taɓa raɗa mini cewa duk farin da na kawo zai saya, ba tambaya.

Wata rana da hantsi Inna ta ɗauki ƙwaryarta za ta wani gida da uwa da 'ya'ya suke kwance. Baba ya saɓa galma. Ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka kula da gida. In wani ya zo neman fari, ka buɗe adudu ka ba shi." Suka fita. Na zauna ina kallon adudun nan. Wallahi na yi kokawa da zuciyata, amma kokawar wanda ya riga ya san wa zai kayar. Na ce ai masu mutuwa sun yi yawa, ƙyallen ba zai ishe su ba ko na bari. Na kwashe shi duka, aikin hannun Inna na shekara guda, na naɗe a tabarma na ɗora a ka. Makahon da ke zaure ya ji motsina ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce masa mutane da yawa.

A Rogo na sayar, na shige gidan caca. Ban yi nisa ba, domin ɓarawon da ya ƙoshi ba ya gudu. Bayan 'yan kwanaki wani mutumin Ƙaraye da ɗansa ya rasu, ya je gidan Bitrus bai samu ƙyalle ba, ya biyo har Rogo neman na saye. Ya tarar da ni zaune a rumfar dillalin, ya kuwa san ni a gidan Bitrus. Ya kwarma ihu. Dogarai suka ɗaure ni da igiya suka kora ni Ƙaraye.

A gaban alƙali aka kira Baba Bitrus. Da ƙyar na gane shi, ya rame ya zama kamar kara. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, shi ya ɗauka, ba zan ce ba shi ba ne. Amma ni ba na neman komai a kansa."

Alƙali ya ce, "Haƙƙin ba naka ne kai kaɗai ba, Bitrus. Na matattun garin nan ne." Masu jakuna da masu aljihu su ma suka taso da nasu ƙarar. Aka yanke mini shekaru a gidan yari a birni.

Muna waje ana shirin tafiya da ni, ya matso kusa. Na kasa ɗaga ido. Don in kauce wa shirun sai na ce, "Baba, Inna ba ta zo ba? Na san tana da abin faɗa mini."

Ya ce, "Ta riga mu gidan gaskiya. A gidan da take jinya ta ɗauko ciwon."

Na ji bakina yana tambayar abin da ba na son sani. Na ce, "Da me aka rufe ta?"

Ya ce, "Da zanenta na aiki." Sannan ya ce, "Ba da shi za ta tashi ba. Wanda zai tashe ta ya san abin da zai sa mata, wannan bai dame ni ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana. Da na buɗe adudun na ga wayam, da kana kusa, da dungun nan zan fasa maka baki. Har yanzu ina fushi. Ina roƙon Allah ya taya ni, bai gama ba tukuna."

Gidan yari ba wurin da zan so wa maƙiyina ba ne. Sarƙa a ƙafa, kwarkwata a bargo, da safe mu ɗauki bokitin bayan gida a ka mu bi ta cikin mutane suna toshe hanci. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ko yaushe na rufe ido sai in ga yatsun Inna suna murza mazari. Wata rana wani ɗan sarƙa da ba shi da kowa ya mutu da ciwon atuni. Gandiroba ya tsaya a ƙofa yana tambaya wa zai wanke shi. Kowa ya kau da kai. Ban san lokacin da na miƙe ba. Akwai wani tsohon malami a cikinmu, shi ya tsaya a kaina yana nuna mini yadda ake yi, dama kafin hagu, a hankali, ba a tona tsiraici. Ina zuba ruwa a hannun mamacin sai na lura da yatsunsa, da kantar fartanya a tafinsa, na ce a raina wannan hannun zai sake motsi, zai kuma nuna wanda ya cuce shi. A ranar na yi salla ba don wani ya kore ni ba. Daga nan duk wanda ya mutu a gidan, ni ake kira.

Da kaka ta zagayo aka ce ina da baƙo. Ni da ko mahaifiyata ba ta san inda nake ba. Na fito sai ga Baba Bitrus, jikinsa duk ƙurar gyaɗa, a kan buhuna ya hau mota ya zo. Ya kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ya tura mini ta tsakanin ƙarafa. Muka gaisa, ya tambayi lafiyata da ta abokan zama, kamar a zaurensa muke. Sannan ya ce, "Na zo in gaya maka na gama."

Na ce, "Ka gama me, Baba?"

Ya ce, "Fushin. Ya ɗauki lokaci, amma ya fita. Na ga bai kamata in bar ka kana ɗauke da shi ba alhali ni na sauke."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na ji mutuwar mahaifina. Da na samu numfashi na ce, "Baba, gara in faɗa maka gaskiya. Ni ba zan bar addinina ba."

Ya ce, "Na roƙe ka?"

Na ce, "To don girman Allah, me kake samu? Tun ranar da na fara ganinka nake son in sani."

Ya yi murmushi ya ce, "Ubangijina yana da rai, ba a kabari yake ba. Ya kuma faɗi inda za a same shi, wurin mai yunwa, da marar lafiya, da wanda ke ɗaure. Talaka in ya ji inda sarki ya sauka, ai zuwa gaisuwa yake yi. To ni gaisuwa nake zuwa."

Na ce, "Har wurin ɓarawo?"

Ya ce, "Ranar da ya mutu ma, ɓarawo ne a gefensa, kuma bai kore shi ba." Gandiroba ya buga sanda, lokaci ya yi. Na bi shi da kallo yana ɗingishi har ya fita ƙofa.

Da wa'adina ya cika aka sake ni, ban nufi ko'ina ba sai Ƙaraye. Na tarar da wasu mutane a gidan Baba. Suka ce Baba ya rasu tun daminar da ta wuce, an sa shi kusa da matarsa a bayan gona. Na je na tsaya a kansu. Ciyawa ta rufe wurin, da ƙyar ake gane tudun. Ban san irin addu'ar da ta dace in yi ba, sai na yi musu sallama kawai, na ce na dawo.

Daga nan na wuce Ruwan Bago. Mahaifiyata ta tsufa, ido ya tafi, da hannu ta shafa fuskata ta gane ni. Wana ya yanka mini gefen gona. Na bi waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun mutu, wani ya tofa mini yawu, kuma bai yi laifi ba. Na je wurin limaminmu na tuba a gabansa. Tun daga lokacin, a ƙauyenmu da kewaye, in aka yi rasuwa ni ake aikowa, in haƙa, in wanke. Musulmi nake, Musulmi zan mutu in Allah ya yarda. Abin da ke tsakanin addinina da na Baba Bitrus na bar wa Allah, shi ne masani. Ni dai shaidar da zan iya bayarwa ita ce, a hannun kuturu Kirista da matarsa na fara ganin yadda mutum yake rayuwa in ya gaskata da gaske cewa za a tashi.

To, 'ya'yana, ga nasihata. Kada ku raina ƙaramar sata, domin ba abin da aka sata ne yake girma ba, hannun ne yake sabawa. Kada ku ce ba wanda ya gani. Kada kuma ku ɗauka duk mai alheri wawa ne ko mai wata manufa, wannan tunanin shi ya kai ni sarƙa. In Allah ya haɗa ku da wanda ya amince muku bayan ya san halinku, ku riƙe shi da hannu biyu, irinsu ba su da yawa. Sannan ku tuna, wanda kuka cuta ba ɓacewa zai yi ba don ya mutu. Zai tashi, ku ma ku tashi, ku haɗa ido. Ni akwai wata doguwar tsohuwa marar gira da zan tsaya a gabanta ranar nan. Na tsufa ina shirya abin da zan ce mata, har yau ban samu ba. Ku yi ƙoƙari ku isa wurin ba ku da wanda za ku sunkuyar wa kai.